Sitiyarin Kawu Sannu-Sannu

Kawuna, yayan mahaifiyata, direban ofis ne tun kafin a haife ni. Manyan ma'aikata yake ɗauka, ya kai su taro, ya jira su a inuwa, ya maido su. Abin alfaharinsa shi ne maigidansa yana iya shan shayi a kujerar baya ba tare da ɗigo ya taɓa masa riga ba. Idan ya hango rami, tun daga nesa yake rage gudu kamar mai shirin gaida surukai. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Sannu-Sannu, shi kuwa ya karɓi sunan kamar lambar yabo.

Ido ne ya raba shi da sitiyari. Likita ya sa shi karanta haruffan jikin bango, ya karanta na sama da ƙarfin hali, na ƙasa kuma ya ƙirƙiro su. Ofis ya sallame shi da agogon bango da fatan alheri. Ya dawo gida ya kafa kujera a baranda, yana gyara wa duk motar da ta gifta tuƙi: wannan bai iya shan kwana ba, wancan a mafarki ya koyi sa giya.

Da surutun ya ishi kowa, sai surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya kawo masa motar wasa mai rimot, ja, ba ta fi takalminsa tsawo ba.

"Baba, ga mota," in ji shi. "Wannan ba a tambayar lasin."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. "Ni za ka kawo wa kayan yara?"

Ya ɗora ta a kan kabad. Ba a rufa mako ba, matarsa, wadda muke kira Inna, ta fito shanya ta tarar da shi a tsakar gida yana bin motar a baya, rimot a hannu, fuska a murtuke.

"Ba wasa nake ba," ya ce kafin ta tambaya. "Dubawa nake. Sitiyarin ya saki. Ka ce mata hagu, sai ta tsaya shawara tukuna. Ga shi ko tsakuwa ta taka sai ta yi tsalle kamar kwaɗo."

Daga ranar teburin ɗinkin Inna ya zama gareji. Ya warware motar a kan faranti. Shokozoba huɗu masu shanye gargadar hanya, kowace kamar ɗan yatsan jariri, ya zubar da man cikinsu mai kama da ruwa, ya ɗura mai kauri da sirinji. Ya gwada sa musu sifirin ɗin biro, murɗaɗɗiyar wayar nan ta cikinsa, motar ta zauna daɓas a ƙasa. Ya aiki suruki ya nemo masa na ainihi masu taushi. 'Yan sandunan da ke juya tayoyin gaba na roba ne, sun yi sako-sako, sai ya yanko wayar tayar keke ya lanƙwasa ya maye gurbinsu. Sannan ya saita tayoyin gaban su ɗan kalli juna kaɗan, don motar ta riƙe hanya. Duk ƙaramin notin da ya faɗi ƙasa, Inna ce ke durƙusawa ta nemo, don shi ko ƙafarsa da ƙyar yake gani.

Ranar gwaji ya cika murfin kwalba da ruwa, ya ɗora a kan motar, ya ratsa tsakar gida da ita har bakin ƙofa. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Innar yara, kin ga aiki?"

"Na gani, Malam. Sai dai kafin ta isa ruwan ya ƙafe."

Suruki ne ya ba shi labarin wasu samari da ke tseren irin waɗannan motoci a ƙarshen mako, a filin ajiye motoci na wani babban kanti. Kawu ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, Inna ta raka shi don tsallaka titi. Aka jera motoci, aka ba da alama. Kowa ya fizga, ta Kawu ta tashi cikin natsuwa, tana ba na baya hanya. Da suka yi nisa sai ya daina gane tasa. Ya kafa ido a kan wata jar mota ta wani saurayi, yana murza rimot, yana jin daɗin yadda take bin umarninsa. Tasa kuwa tuni ta shige ƙarƙashin benci tana ta gurnani.

"Kawo in fito maka da ita," in ji Inna.

Tun tana amarya take roƙonsa ya koya mata mota, yana cewa tuƙi sai mai sanyin zuciya. Ta karɓi rimot, ta ja baya, ta danna wuta har ƙarshe. Motar ta fita kamar an harba ta, ta wuce biyu, ta goge wa ta uku gefe, ta zo kwana ta kife, tayoyi a sama. Samarin suka yi ta tafi. Inna ba ta ko kalle su ba, ta ɗauko motar tana juya ta.

"Malam, ka yi mata taushi kamar katifa. Tana shiga kwana sai ta kwanta. Ka ƙara mata tauri, ka sauke ta ƙasa-ƙasa. Sitiyarin ma jinkiri yake yi."

"Mota ce ta mutunci."

"To, ni ba gaisuwa na zo yi ba."

Kawu ya yi fushi na ɗan lokaci, ya ce ba zai ɓata aikin hannunsa don mai gudun ganganci ba. Amma hannun da ya saba da sukudireba ba ya jure zama. Ya cire sifirin ɗin nan masu taushi da ya sha wahalar nema, ya sa masu tauri. Ya rage wa motar tsayi, ya canza ɗan injin da ke juya tayoyin gaba da wani mai zafin nama. Yana ɗaure noti yana mita, wai an mai da shi bakaniken 'yan ganganci da tsufansa.

Yanzu kowane ƙarshen mako suna filin. Samari na kiran Inna Direba. Kawu yana tsaye a bayanta da jakar kayan aiki, ba ya ganin motar, amma kunnensa na gaya masa inda take.

"Birki, Innar yara, birki," yake ta faɗi, ita kuwa ko a jikinta.

Wani saurayi ya taɓa tambayarsa ko shi ya koya mata. Kawu ya gyara hula ya ce ai shekara da shekaru tana zaune a gefensa tana kallo.

"Ƙwarai," in ji Inna. "A nan na ga duk abin da ba zan yi ba."

Zuwana na ƙarshe na tarar da shi yana liƙe gaban motar da gam, don ta yi karo da tukunyar fulawa. Ya gaya mini a hankali cewa Inna na neman ya sa mata inji mai ƙarfi, amma shi bai yarda ba, kuma ba zai yarda ba. Da na tashi tafiya na sunkuya ɗaukar takalmina, sai na ga kwalin sabon injin a ƙarƙashin kujerarsa, har an riga an buɗe shi.