Kunnen Kamiso

Kamiso ai ba wanda bai san shi ba a unguwarmu ta Liyari. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Sana'arsa keken jaki, yana ɗauko buhunan shinkafa daga bakin teku ya kai kasuwa. Amma in aka ce Kamiso, ba jaki ke zuwa ran mutum ba, mugarman ce, babbar gangar nan tamu ta ƙabilar Shidi mai ƙafa huɗu, wadda in ta tsaya takan kai wa namiji ƙirji.

Wurin ubansa ya gaje ta, shi ma uban wurin nasa uban. Ɗakinta daban, mayafinta kore. Duk Alhamis Kamiso zai tuɓe takalmi ya shiga, ya turara ta da lubban, ya gaishe ta yadda ake gaida tsohuwa. Mace kuwa ba ta taɓa ta. Haka muka taso muka tarar, ba mu tambayi dalili ba.

To ita mugarman ba a kaɗa ta da sanyin fata. Sai an hura wuta da busasshen ganyen dabino, a karkato bakinta wajen wutar, makaɗi na ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare. Da fari za ka ji dub, dub, kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Can sai murya ta buɗe. Nan take ake janye ta. Ka ƙara ko yaya, fata ta tafi.

Matarsa Nuran soyayyen kifi take sayarwa a ƙofar gida, kuma bakinta ya fi man kaskonta zafi. Tun tana amarya take jin ana gasa gangar nan daga madafi, har ta yi jikoki.

Da girma ya kama Kamiso, kunne ya fara tafiya. Bai gaya wa kowa ba. Duk abin da aka ce masa sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. An taɓa ce masa jakinka ya kwance ya shiga titi, ya ce madalla. Kiɗan kansa bai gagare shi ba, don a ƙirji yake jinsa, yana kuma kallon ƙafafun masu rawa. Gasa fatar ganga ne ke son kunne.

Ranar da asiri ya tonu, an fita bikin Mangofir, inda kowace unguwa ta Shidi ke zuwa da gangarta, a taka rawa har bakin tafkin kadoji, a miƙa wa babban kada nama. Da hantsi aka hura wuta. Kamiso ya karkato ganga, yana ƙwanƙwasawa. Murya ta buɗe, kowa ya ji, shi bai ji ba. Ya ƙara matsa ta. Sai fau! Fata ta tsage daga baki zuwa baki.

Ran nan a bayan gangar mutanen unguwar Karadar unguwarmu ta yi tafiya, kamar marayu. Kamiso yana can ƙarshen layi, kansa a ƙasa.

Da aka dawo dattawa suka zauna. Babban unguwa, Baba Jumman, ya ce, "Kamiso, ganga ba taka ba ce kai kaɗai. A sa mata sabuwar fata. Baɗi ka gasa ta a gabanmu. In ka dace, taka ce. In ka sake, ƙaninka Sumar zai karɓa."

Sumar ɗan ƙanen ubansa ne, makaɗi shi ma, ga shi da tsokana. Ya ce, "Yaya, kada ka damu. In na karɓa zan riƙa barinka kana hura min wuta."

Kamiso ya gyaɗa kai ya ce madalla. Aka kwashe da dariya, shi bai san abin da ake wa dariya ba.

A gida Nuran ta ajiye masa abinci, ta matso daidai kunnensa ta ɗaga murya.

"Baban Hawa, kurma ne kai."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Tun yaushe nake kiranka cin abinci sai na jefe ka da bawon albasa? Ka zaci wasan amare nake?"

Can ya ce, "In Sumar ya ɗauke ta daga ɗakin nan, me zan ce wa ubana?"

"Ba inda za ta. Na fi sanin muryarta a kan taka, don ita ba ta min ƙarya."

"Ke mace ce, ba kya taɓa ta."

"Wa ya ce zan taɓa? An hana ni taɓawa, an hana ni ji ne? Kai ka gasa, ka riƙa kallona. In na sauke gefen mayafina daga kafaɗa, ka janye."

Haka suka yi ta gwadawa a tsakar gida, shi yana bakin wuta, ita tana can jikin kasko tana juya kifi. Wani sa'in mayafin ya zame da kansa, ya janye ganga tana ɗanya, ta ce, "Kai, ba yanzu ba, iska ce!" Daga baya ta sayi jan mayafi mai nauyi, wanda iska ba ta ɗauka.

Shekara ta zagayo. A Mangofir dattawa suka kewaye wuta, Nuran na tsaye cikin mata da tiren alewa a ka. Kamiso na ƙwanƙwasawa, idonsa ba ya kan ganga. Dub, dub. Murya ta buɗe, jan mayafi ya sauka, Kamiso ya fizge ganga daga wuta. Ya ɗora hannu ya buga, ƙasa ta amsa.

Sumar ya ga komai. Ya ce da ƙarfi, "Baba Jumman, kunnen Yaya fa yau jan mayafi ya yafa."

Baba Jumman ya dubi Nuran, ita kuwa ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Nuran, kin taɓa gangar?"

"Baba, da wane hannu? Ga tire a kaina."

"Sumar, fatar ta gasu ko ba ta gasu ba?"

Sumar ya sosa ƙeya. "Ta gasu, Baba. Ko ni ba zan wuce haka ba."

"To me muke jira? Babban kada na jin yunwa."

Daga ranar ba a sake ɓoyewa ba. In za a gasa ganga, mata da kansu suke buɗe wa Nuran hanya ta tsaya gaba. Kamiso ya ci gaba da kiɗa har gemunsa ya yi fari fat.

Nuran ce ta riga shi tafiya. Bayan an yi sadakar arba'in, ranar wata Alhamis, ya turara ganga, ya aika a kira Sumar, ya ce ya zo ya karɓi ganga. Sumar ya ce, "Yaya, bari. Ni zan tsaya maka, in ɗaga hannu."

Kamiso ya ce, "A'a. Kai makaɗi ne, ba kunne ba. Tuɓe takalmi ka shiga ka gaishe ta."

Jan mayafin nan shi ne yake ƙarƙashin koren mayafin ganga har yau. Sumar ne ya shimfiɗa shi da hannunsa.