Ƙafar Katako Mai Sukuru

A zauren gidanmu da ke Limancin Kona akwai ƙusoshi jere a bango, kowace da ƙafafun katako biyu a rataye. Babana baduku ne, takalmi sau-ciki yake ɗinkawa, kuma a kan waɗannan ƙafafun yake jan fata ya ɗaure har ta ɗauki siffa. Na manya suna sama. Nawa suna ƙasa, kusa da ƙofar shiga cikin gida, ƙusa biyar, tun daga wadda ba ta wuce tafin hannu ba.

Ni kaɗai Allah ya ba su shi da Inna a lokacin, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Kowace shekara, idan hutu ya kusa ƙarewa, sai ya leƙo ya ce, "Uwata, kawo ƙafa." In zauna a kan buzu in ɗora ƙafata a gwiwarsa. Da tsinken kaba yake awo, yana sa alama da haƙori. Ya san yatsana na biyu ya fi babban tsawo, ya san ɗan tudun da ke gefen ƙafata ta hagu, kuma duk yana fitar da su a katakon. Ba ma hira. Ni ba mai magana ba ce, shi ma haka. Amma wannan ɗan zaman nawa ne, ba na kowa ba.

Ina aji biyar na firamare aka yi wa mijin Gwaggo canjin wurin aiki zuwa nesa. Suka tashi daga Tudun Jukun, suka bar 'yarsu a wurinmu don ta ƙarasa makaranta. Taubashiyata ce, ta girme ni da wata bakwai, ga baki. Kwana biyu da zuwanta ta riga ta shiga zaure tana cewa, "Kawu, wannan ƙarfen na mene ne?" Ni da na shekara goma a gidan ban taɓa tambaya ba.

A shekarar ne Baba ya shagala da wata dabara. Ya gaji da sassaƙa sabuwar ƙafa ga kowane mai saye, shi ne suka haɗa kai da wani amininsa maƙeri. Suka raba ƙafar katako gida uku: dunduniya daban, gaba kuma aka tsaga shi biyu. Wani dogon sukuru ya ratsa ta dunduniya, in an juya sai ƙafar ta ƙara tsawo. Wani ƙarami a sama, in an juya sai gaban ya buɗe ya yi faɗi. Ta farko ta tsage da aka sa mata guduma. Ta biyu maƙerin ya ɗaure bakinta da farin ƙarfe, ta tsaya. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Wani tsoho ya ce, "Malam, wannan ai ƙafa ce mai girma tare da yaro." Baba ya yi dariya har na ga haƙorinsa na gefe da ya karye, wanda ba kasafai ake gani ba.

Da lokacin takalmin makaranta ya zo, ina tsakar gida ina jira, sai na ji ya ce, "'Yar Gwaggo, zo nan." Ƙafarta mai faɗi ce, wai ita ce za ta gwada masa dabarar da kyau. Na tsaya bayan labulen zaure ina kallo. Ya ɗora ƙafarta a gwiwar, ya auna, ya juya sukuru, ya sake aunawa. Sau huɗu ya riƙe ƙafarta. Na ƙirga. Tana ta surutu, wai kabar tana yi mata cakulkuli.

Da ya gama sai ya hango ni. Ya ce, "Uwata, ke ba sai kin zo ba, na san taki. In na gama nata sai in rage juyi biyu."

Da muka koma ɗaki ta ce, "Kin ji ko, taubashiya? Ashe ragowata ce ke."

Wasa ne irin namu, ya kamata in rama. Maimakon haka sai na tashi na fita. Na je na dubi ƙusa ta shida da na daɗe ina zaton nan sabuwar ƙafata za ta rataya. Babu komai a kanta sai wani guntun zare.

Washegari da azahar Baba ya tafi masallaci, ya bar ƙafafun nan biyu a kan benci an saita su, fata kuma tana jiƙe a kwano. Na shiga. Ƙarfen yana da sanyi, da warin man gyaɗa da yake shafa masa. Na ɗauki ta hagu na mayar da ƙaramin sukurun baya juyi biyu, babban ma juyi biyu. A raina na ce, tunda dai ƙafar ɗaya ce, bari ta zama tawa. Ban kai ga ta dama ba Inna ta ƙwala mini kira in zo in tankaɗe gari.

Ranar da Baba ya ba taubashiyata takalman, ta sa, na ga yadda ta cije leɓe da ta tura ta hagun. Baba ya ce, "Ya yi?" Ta ce, "Daidai, Kawu. Allah ya ƙara buɗi." Na san dalili. Ina nan ranar da Gwaggo ta ja kunnenta ta ce, a gidan Yaya ba a cewa abu bai yi ba.

Kwana huɗu muna tafiya makaranta tare. Tana taka gefen ƙafa, tana ba ni labari kamar ba komai. Da yamma takan ɓuya bayan madafi ta wanke safarta da kanta, sai dai tabon jinin da ke dunduniya ba ya fita duka. Zan so in ce tausayinta ya kama ni. Gaskiya abin da na ji shi ne haushi, wai har haƙuri ma ta fi ni.

Baduku takalmi yake fara kallo kafin fuska. Rana ta biyar Baba ya ga takalmanta a ƙofar ɗaki, ya ɗauka ya haɗa tafinsu. Ya kira ta ya cire safar. Ya ga ciwon da ke dunduniyarta. Ya aika aka kawo man kaɗanya, ya shafa mata da hannunsa, yana cewa, "Haba, 'yar nan, ba sai ki faɗa ba?" Da la'asar maƙerin ya zo, na ji Baba yana ce masa, "Sukurun kwancewa yake da kansa. Abin da zai ji wa yarinya ciwo ba abin aiki ba ne." Ya naɗe ƙafafun a tsumma ya tura ƙarƙashin benci. Maƙerin ya yi ta rantsuwa cewa ba zai yiwu ba, Baba bai saurare shi ba.

Abin da nake so ke nan, za a koma sassaƙa. Na kwana da murna. Da safe na tarar da shi da gizago da guntun katako, kabar awonta a gefensa. Ya ce wa taubashiyata, "Taki ce wannan. In na gama ga wurinta can." Ya nuna ƙusa ta shida da haɓa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ba kwancewa ya yi ba."

Ya ajiye gizagon.

"Juyi biyu ne. Sama da baya. Ta hagu."

Taubashiyata ta dube ni ta ce, "Lallai! Shiru-shirun nan ashe da aiki a ciki." Baba ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya jawo tsumman ya kwance, ya miƙo mini ƙafar hagun ya ce, "Nuna mini." Na nuna. Ya dube ni, ya dubi layin ƙusoshin nan, ya sake dubana. Bai doke ni ba, bai kuma gaya wa Inna ba.

Ya jiƙa takalminta na hagu, ya zura ƙafar katakon a ciki, ya ce, "Rabin juyi da safe, rabi da yamma. Kada ki yi gaggawa, fata za ta yage. Ke za ki yi har ya buɗe." Haka na yi kwana huɗu, ita kuma tana zuwa makaranta da silifas da takardar neman uzuri. Kullum sai ta tsaya a kaina ta ce, "A juya da kyau, ma'aikaciya."

Bayan haka maƙerin ya ƙara wani noti mai kulle sukurun, ɗan ƙarfen kwance shi kuma yana aljihun Baba, har masallaci. Ya kuma ce a riƙa yin alama a jikin dogon sukurun da zarto, kowa da tasa. Ranar da za a yi alamar, Baba ya leƙo tsakar gida ya ce, "Uwata, kawo ƙafa." Na ɗora. Ya auna da kaba, ya cija, ya taɓa tudun nan na hagu da babban yatsansa ya ce, "Wannan sukuru bai san da shi ba. Sai na liƙa masa 'yar fata."

Guntun katakon da ya fara sassaƙa mata bai ƙarasa ba, Inna ta mayar da shi abin tokare ƙofar madafi. Ƙusa ta shida kuma ita ce ta zama wurin rataye ƙafar mai sukuru, ta mu biyu. Shekara uku taubashiyata ta yi a gidanmu, kowace shekara ana ƙara mana alama. Nakan shiga da azahar in duba. Tata kullum tana gaba, ban taɓa kamo ta ba.