Tabon da Ke Damtsen Kaka

Wata safiya ce ta bazara na fara ganin tabon. Kaka tana surfa gero a tsakar gida, mayafinta ya zame, sai ga shi a damtsenta na hagu, zagayayye kamar an ɗora kwabo mai zafi an ɗauke. Na tambaye ta me ya same ta. Ta ja mayafi ta rufe, ta ce in kawo mata faifai in daina kallon jikin manya.

Ni kuwa a lokacin na riga na fara karanta littattafan soyayyar da yayata ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Duk abin da aka ɓoye, a wurina so ne. Na yanke wa kaina hukunci cewa akwai wani a cikin tabon nan, kuma ba ni da niyyar sauya ra'ayi.

Shekarar ce ta zinare a ƙauyenmu, can wajen Bukkuyum. Iyayenmu maza suna kawo duwatsu gida, ana daka su a turmi ana niƙa su a inji, ƙurar tana sauka a kan tabarma da kwanon tuwo da hannun yara. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki sai da yara suka fara jijjiga. Ƙanena yana cikinsu, bai kai shekara biyar ba. Da likitoci suka auna jininsa, suka ce a kwantar da shi a Anka. Inna tana jego, don haka Kaka ta ɗauke shi, ni kuma na bi su da ƙullin kaya.

Maganin shi ne matsalar. Ana buɗe ƙwayar a zuba garin a cokali da ɗan zuma, amma zumar ba ta iya rufe warinsa, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙanena yakan datse haƙora. In an matse shi an ɗura, ya amayar. Ma'aikaciyar jinyar ɗakinmu, wata Kirista daga Filato da kowa ke kira Sista, ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Mama, in bai zauna a cikinsa ba, dalmar ba za ta fita ba. Ki nemo dabara." A ranar ne aka naɗe tabarmar da ke kusa da tamu, uwar yaron ta fita da goyon da ba ya motsi.

Abu ɗaya ƙanena yake so a duniya: tatsuniya. Ya ce sai an yi masa ta Gizo zai sha. To amma kai mai karatu, in a irin gidajenmu ka tashi, ka san ba a tatsuniya da rana. Mu an gaya mana wanda ya yi zai ɓata, ya kasa gane hanyar gida. Kaka ta yarda da wannan har zuciyarta, ga mu kuma a baƙon gari. Magani kuwa bai san dare ba, da hantsi ma ana shan sa, da la'asar ma.

Kaka ta dubi cokalin. Can ta ce, "Angona, tatsuniya ƙarya ce, ita aka hana. Labari kuwa gaskiya ne, ba ruwanshi da rana. Ka taɓa jin an ba mota ciyawa?"

Ya girgiza kai.

"Haɗiye in gaya maka."

Ya haɗiye. Ta ba shi labarin ranar da mota ta fara shiga garin kakanninta, yadda mutanen kirki suka ga baƙuwa ta sha tafiya tana huci, suka kawo mata harawa da ƙwaryar ruwa, suka koma gefe don kada ta ji kunyar ci. Ƙanena ya yi dariya har ya manta da amai.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Takan fara, ta kai daidai inda rai ke so, ta tsaya ta miƙa cokali. A haka muka ji labarin ƙanen babanta da aka kai yaƙin Bama, ya dawo yana rantsuwa cewa a can giwa aiki take yi kamar jaki, tana jan gungume, ƙaramin yaro na zaune a wuyanta yana mata tsawa. Muka ji na masu zuwa Makka a ƙasa, mutum ya tafi da amarya ya dawo da ɗan da ya isa riƙe garma. Muka ji na lokacin da wata ya yi zazzaɓi, gari duka ya fito da kwanoni ana kaɗawa don rana ta sake shi. Iyayen sauran yaran suka fara jawo tabarminsu kusa da tamu, kowa da cokalinsa a hannu. Sista ma takan rage sauri in ta zo wucewa.

Sai labarai suka ƙare. Kaka ba ta maimaita wa ƙanena, don ba ya karɓar tsohon labari, kuma ba ta ƙirƙira, don ƙirƙira tatsuniya ce. Wata la'asar ana hadari, ya juya wa cokali ƙeya, ya ce shi ba sabo, ba sha. Magani bai kai ƙarshe ba. Kaka ta tsaya da cokali a hannu har zumar na ɗiga.

A lokacin na tuna. Na ce, "Kaka, na tabon fa?"

Ta harare ni. Macen zamaninsu ba ta kama sunan mijinta, balle ta zauna cikin mutane ta faɗi yadda suka haɗu. Ta dubi matan da suka kewaye mu, ta dubi ƙanena. Sannan da kanta ta janye mayafin.

"Wanga tabo, bindiga ce," in ji ta. "Haɗiye."

Bai ma bari ta rufe baki ba.

Ta ce tana budurwa ƙarama ciwon agana ya yi ta ɗibar mutane, sai aka ji masu lambar rigakafi suna tafe, kuma da bindiga suke yi. Wa zai tsaya a harbe shi? Ta gudu bayan gari, ta hau wani rumbu ta dira ciki. Sai ta ji ta faɗa kan mutum. Wani yaro ne ya riga ta, ya shige cikin dammunan gero.

"Munka yi tsit, ni da shi. Shi ko ga hancin banza, ƙaiƙayi ya shige mai. Ina ce mishi riƙe, riƙe, sai ya saki atishawa kamar an fasa tulu."

Aka zaro su fari fat da ƙura, aka tsayar da su a layi ɗaya. Bindigar ashe ƙafa ake taka mata, ta ce tas a damtse, shi ke nan. Waɗanda suka iya ɓuya da kyau, in ji ta, da yawansu agana ta same su.

"Yaron fa?" in ji Sista daga bakin ƙofa.

Kaka ta mayar da mayafinta, ta sunkuyar da kai. "Yana gida. Har yau bai iya riƙe atishawa ba."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Ni kuwa na zauna ina kallon ruwan da ya fara sauka, zuciyata fal, don na san tun farko akwai wani a cikin tabon nan. Ƙanena ya nemi a sake masa wannan labarin washegari, da jibi, har ranar da aka sallame mu. Shi kaɗai ne bai tsufa a kunnensa ba.

Yanzu ina aure a Gummi. An kankare ƙasar tsakar gidanmu tun tuni an zuba sabuwa, turmin dutsen ma ya bar gidan. Kaka ta rasu, mai atishawar ya bi ta kafin damina ta zagayo. Ƙanena yana wurina yana makaranta. Dalma ta bar masa nauyin karatu, yakan daɗe a kan layi ɗaya, amma bai mance ko kalma guda daga labaran nan ba.

Kwanakin baya masu rigakafi suka shigo gidanmu da tsakar rana, 'yata ta shige ƙarƙashin gado tana ihu. Ƙanena ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ya leƙa, ya fara ba ta labarin rumbu. Surukata ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce wa ke tatsuniya da rana tsaka.

Ya ce, "Ba tatsuniya ba ce, Inna, labari ne." Sannan ya miƙa wa yarinyar hannu. "Fito in gaya miki wanda ya yi atishawar."