Gaba Biyar da Rabi

Baba Falwaya muke ce masa a layinmu, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa falwaya yana gyaran wayar tarho. Da wayar hannu ta shigo aka daina nemansu, sai aka sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Shagona na naɗin kwayil ɗin fanka da injina yana jikin katangar gidansa, saboda haka na fi kowa ganin shigarsa da fitarsa. Dogo ne, hannuwansa kamar an yi musu ƙari. In zai wuce sai ya leƙo ya ce, "Mai ƙona wa mutane fanka, an tashi lafiya?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, Baba. Yau da aljanun wace ƙasa za a yi hira?"

Abin da ya rage masa bayan aiki shi ne rediyo. Ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba, irin wadda mutum zai yi magana a cikinta wani can nesa ya amsa masa. Yana da lasisi, yana da lambar kira tasa ta kansa. A tsakar gida ya kafa dogayen ƙarafa biyu ya ja waya a tsakaninsu, ita ce eriyarsa. Matarsa, kafin ta rasu, takan ce da zai sauko mata da wayar nan ƙasa kaɗan da ta huta da neman igiyar shanya.

Yana magana da mutane da yawa, amma guda ɗaya ne nasa. Duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma sukan haɗu a wuri ɗaya a kan rediyon. Mai Tari yake ce masa, don sai ya yi tari sau biyu kafin ya ce komai. Shekara ashirin da biyu suna haka, ba su taɓa ganin juna ba. Hirar ba ta wuce ruwan sama, ciwon gwiwa, 'ya'ya, da wayar da iska ta tsinka. Baba ya taɓa gaya mini cewa ranar da ya faɗa masa rasuwar matarsa, minti biyar suka yi ba wanda ya ce uffan, kuma ba wanda ya kashe. Na ce masa ya karɓi lambar wayar mutumin nan mana. Ya ce, "Lambar me? Mutumin da nake da shi duk Asabar?"

Wata Alhamis ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wata uku ya yi a asibiti. Ya fito yana jan ƙafa, hannun hagu kuma ya lanƙwashe a gwiwa, ba ya miƙewa duka. 'Yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta, hawa na uku a wani benen haya. Gidansa aka zuba 'yan haya. Surukinsa ne ya kwashe ɗakin, kuma ba da mugunta ya yi ba, bai dai san abin da yake kallo ba. Ƙarafan nan, da babbar rediyon, da na'urar da yake gwada eriya da ita, duk masu sayen tsohon ƙarfe suka tafi da su. Ƙaramar rediyo ɗaya ce ta tsira, don tana cikin jaka a ƙarƙashin gado. Mai benen kuma ya ce ko ƙusa ba za a kafa masa a rufi ba.

Wata biyar da faɗuwarsa sai ga shi a bakin shagona da sanda. Ya rame ƙwarai. Bai tsokane ni ba, ya dai zauna a benci ya huta, sannan ya ce, "Ɗan nan, siririyar waya nake so, irin ta fanka. Zan yi eriyar da zan iya ɗauka da hannu ɗaya in je fili in rataya a bishiya. Duk abin da ya fi burodi nauyi ba nawa ba ne yanzu."

A kan teburina ya yi ta. Ni riƙo kawai na yi. Ya sa na yanko guntun bututun roba na famfo, tsawon yatsa, na huda shi sau uku: rami biyu na wayoyin da za su tafi dama da hagu, ɗaya na kebul ɗin da zai sauko zuwa rediyo. Ƙarshen wayoyin kuma manyan maɓallai biyu ya ciro daga aljihu, na tsohuwar rigar ruwansa ta aiki, a nan za a ɗaura waya ta gefe guda, zare ta ɗaya gefen. Ya sa na yanka falankin kwali mai kauri na naɗewa. Ko gilashi ba ya gani sosai da shi, amma yatsun damansa sun san inda komai yake.

Sai aka zo awo. Ya ce kowane gefe gaba biyar da rabi ne, mita goma ke nan daidai. Gaba shi ne ka buɗe hannuwanka duka biyu, daga bakin yatsa zuwa bakin yatsa. Ya miƙe ya jingina da tebur, ya maƙale bakin wayar a hannun hagu, ya ja da dama.

Na ce, "Baba, ga tef."

Ya ce, "Tef na wanda bai san jikinsa ba ne. Wayar da na auna da hannun nan ta isa ta zagaye garin nan sau uku. Miƙo almakashi."

Ina tsaye ina kallon hannun hagun nan. Bai buɗe ba. Ya tsaya a lanƙwashe kusa da ƙirjinsa, shi kuwa yana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, kansa a sama kamar yadda ya saba. A aikina in ka rage wa kwayil zagaye goma, injin ya ƙone. Na san da haka. Amma sai na ce wa kaina ai rediyo ba fanka ba ce, wataƙila ba komai. Gaskiyar magana, na kasa buɗe baki in ce wa mutumin nan hannunsa ya gajarta. Na miƙa masa almakashin.

Akwai fili a bayan tsohon siton jirgin ƙasa, da wata doguwar bishiya a tsakiya. Asabar ɗin farko na rufe shago da uku da rabi na ɗauko batirin babur. Na ɗaura noti a zare na jefa kan reshe, muka ja bututun sama, na kai maɓallan nan dama da hagu na ɗaure a turaku. Ya zauna a kan bulo, rediyo a cinya. Ban da shuuu ba ka jin komai.

Ƙarfe huɗu daidai, sai tari. Sau biyu.

Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta yi haka ba. Muryar ta kira lambar Baba a hankali, harafi bayan harafi. Baba ya danna makirufo ya amsa. Ya saki. Sai muryar ta sake kiran lambar kamar ba a ce komai ba. Ya sake amsawa. Ta sake kira. A nan na koyi abin da ban sani ba: da gajeriyar eriya kana iya jin mutum, amma kai maganarka ba ta fita. Bayan minti goma Mai Tari ya ce to, sai wani satin, ya kashe.

Baba ya ce, "Batirinka ne. Kai da ba ka san komai ba sai fanka."

Na kawo sabon batir cike da caji. Asabar ta biyu haka aka yi. Mai Tari na cewa, "Ɗan'uwa, ko kana ji na?" Baba na cewa, "Ina jin ka, wallahi ina jin ka." A hanyar dawowa ya ɗora laifin a kan kebul. Na canza kan kebul ɗin, na liƙe shi da dalma sau biyu. Eriyar dai tana jakarsa, da ita yake kwana, ni kuma ban ce a ba ni in auna ba.

Asabar ta uku Mai Tari ya kira sau uku. Daga nan ba kira ya yi ba, magana ya yi, irin ta wanda ya san ba mai ji.

Ya ce, "Ɗan'uwa, wata shida ke nan ina zuwa. Shekara ashirin da biyu ba ka taɓa makara da minti biyar ba. Da kana raye da ka zo ko da rarrafe ne. Yarana sun ce na zama mai hira da bango. Allah ya jiƙanka, ya haɗa ka da matarka, ya sa ka huta. Daga yau na daina buɗe nan wurin."

Baba ya danna makirufo da ƙarfi har yatsansa ya yi fari. "Ina nan! Kai, ina nan! Ban mutu ba!" Ya yi ta faɗa har wasu masu wucewa suka tsaya suna kallonmu. Da ya saki, shuuu ɗin nan ce kawai.

Ranar ban tambaye shi ba. Na naɗe eriyar na sa a aljihuna, na kai shi har ƙofar ɗakinsa, na dawo shago. Na shimfiɗa ta a ƙasa na ja tef. Mita takwas da kwata. Ɗaya gefen ma haka. Na kankare bakin wayar, na murɗa sabuwa a kai, na zuba dalma, na rufe. Aikin bai kai minti ashirin ba.

Asabar ta huɗu ina warware ta a filin sai ya ce in miƙo. Ya bi wayar da yatsa har ya zo kan ƙullin. Ya tsaya.

"Nawa ka ƙara?"

"Mita biyu ba kwata. Kowane gefe."

Ya ajiye wayar. Ya buɗe hannun dama, ya yi ƙoƙarin buɗe na hagu, ya juya kai ya dube shi kamar hannun wani ne aka ajiye masa. 

"Ka gani tun ranar?"

"Na gani, Baba."

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Ya ce, "Da kwayil ɗin wani ne da ba ka yi shiru ba." Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ja ta sama.

Da ya danna makirufo, allurar rediyon ta tashi har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba a satin nan uku. Huɗu ta yi. Ba tari. Ya kira lambar Mai Tari, ya jira, ya sake kira. Huɗu da kwata. Huɗu da rabi. Sai wata murya ta shigo, baƙuwa, ta ce tana jin sa tsaf kamar a ɗaki ɗaya suke, daga ina yake, da wace eriya?

Baba ya ce, "Wayar fanka ce da maɓallin riga." Mutumin ya yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ba shi lambar Mai Tari, ya maimaita sau biyu, ya roƙe shi in ya taɓa cin karo da shi a ko'ina ya ba shi saƙo.

Mutumin ya ce, "Na rubuta. Mene ne saƙon?"

Baba ya riƙe makirufon bai danna ba, har na ɗauka ya fasa. Sannan ya ce, "Ka ce masa addu'arsa ta iso, na gode. Amma ya yi sauri."

'Yarsa ta nemo adireshin da ke kan lambar Mai Tari, ashe tsohon akwatin gidan waya ne. Ta rubuta wasiƙa, wasiƙar ta dawo. Mu kuma muka ci gaba da zuwa filin. Asabar bakwai muka ƙara. Ya samu mutane da yawa, kowa na yaba ƙarfin muryarsa, shi kuma yana ba kowa saƙon nan. Daga nan ƙafar ta ƙi saukowa daga bene. Na ce zan goya shi. Ya ce in bari, mutumin da ya yi shekara talatin yana hawa da ƙafarsa ba zai sauko a bayan wani ba.

Ya rasu wata Laraba da hantsi, 'yarsa na gefensa. Cikin duk waɗanda ya ba saƙon, ba wanda ya dawo ya ce ya isar.