Tarihin Peng Yueh-o, Mai Goge Na'urar Saita Faifai

A dukkan hotunanta na girma akwai wani siririn layi a karan hancinta, shaidar takunkumin fuska da take sawa a wurin aiki. An haifi Peng Yueh-o a shekarar 1963 a garin Chutung da ke gundumar Hsinchu ta Taiwan. Mahaifinta Peng Ah-lu manomin ganyen shayi ne, mahaifiyarta kuwa Fan Chin-mei.

Karatu da aure

Ta kammala makarantar koyon sana'a a 1981, ta fi kowa maki a fannin lantarki, amma aka zaɓi ƙanenta ya wuce jami'a. A 1989 ta auri Chiu Wen-hsiung, direban bas.

Aiki

Tun 1987 ta shiga wata masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka damƙa mata na'urar da ke saita faifan silikon kafin haske ya zana shi. Shekara ashirin da biyu tana sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, a ƙarƙashin fitila ruwan ɗorawa, tana goge farantin da faifai ke zama da ƙyalle marar zubar da zare, domin ƙwayar ƙura guda ta isa ta karkatar da zanen.

Abin da ya faru a 2009

Al'adar ma'aikata ce su ɗora koriyar ledar cincin a kan kowace na'ura don ta yi biyayya, kuma ba a taɓa ledar. A watan Maris, Yueh-o ta ga ledar na'urarta ta huje tana zubar da gari, ta jefar da ita, ta goge wurin, ba ta kawo sabuwa ba. Bayan kwana kaɗan na'urar ta kauce daga saiti, faifai masu yawa suka lalace.

Bincike bai gano sababi ba, amma ma'aikata sun riga sun yanke hukunci.

"Yaya Yueh-o, wa ya aike ki?" in ji abokan aikinta a ɗakin cin abinci. "Ki ci naki, ki hana na'ura nata?"

Shugaban sashe, Lo Kuo-tung, ya kira ta ofis.

"Ni ban yarda da camfi ba, Yaya," ya ce. "Amma babu mai son kama aiki bayanki. Ki ɗan koma sashen wanki, in ƙura ta lafa zan wanke sunanki."

Shekarun ƙarshe

Ta yi shekara tara a ɗakin wankin fararen kaya, tana ninke rigunan waɗanda ta koya wa aiki. Kowace sabuwar shekara takan gaishe da Lo, yakan amsa da "Ban manta ba." Ta yi ritaya a 2018.

Rasuwa

Ta rasu ranar 6 ga Nuwamba, 2022, bayan jinyar huhu. An ƙona gawarta bisa al'ada, aka kai tokar kabarin zuriyar Chiu. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Chia-hung, Pei-shan da Yi-ting.

A wurin jana'izar, Pei-shan ta tare Lo, wanda a lokacin ya zama darakta.

"Kawu Lo, ga mutanenku duk sun taru. Faɗa musu ba laifinta ba ne."

Ya kunna turare, ya rusuna sau uku a gaban hoton marigayiyar, ya gyara rigarsa, ya fita ta ƙofar gefe.