Ranar da Aka Ɓoye Ƙanwata a Rumbu

Har yau ba na iya tsayawa kusa in ana buɗe rumbu da bazara. Da zarar na shaƙi warin tsohuwar dawa da hucin da ke fitowa daga ciki, sai in bar wurin. Jikokina suna yi mini tsiya wai tsohuwa tana tsoron ɓera. Ƙyale su nake yi, don ba su san abin da aka taɓa sakawa a ciki ba.

Ina 'yar shekara takwas ko tara, a ƙauyenmu da ke gefen Kwandiko, aka yi shela cewa masu allurar ƙyanda za su zo daga Birnin Kudu. Babanmu ya tafi cin rani, gida yana hannun kakarmu da ta haife shi. Ita kuwa tana da nata dalilin na ƙin allura. Tana budurwa an taɓa zuwa yin lambar agana, aka tsattsaga hannuwan yara da aska guda, hannun ƙanenta ya kumbura ya ruɓe, ƙarshe ya shanye. Sau nawa ta ba mu wannan labari tana kaɗi tana tsaki, Allah kaɗai ya sani.

Da hantsi muka ji ƙarar mota. Kaka ta taka turmi, ta ɗaga ƙanwata 'yar shekara huɗu ta zura ta cikin rumbu, ta mayar da murfi. Ni na fi ƙarfin ɗagawa, sai ta tura ni ƙofar gida.

"In sun tambaya, ki ce babu yara," in ji ta.

Innarmu tana tsaye bakin murhu, kunyar suruka ta ɗinke mata baki. Mai allurar ya kama hannuna ya yi mini, ya tambaya ko akwai saura a ciki. Na ce babu.

Kafin ruwan farko ƙyanda ta shigo gari. Ni ko mura ban yi ba. Ƙanwata kuwa jikinta ya ɗau zafi, ƙuraje suka feso, idanunta suka yi jawur suka manne. Aka kulle ta a ɗaki ana ta ɗiga mata jiƙe-jiƙe a ido. Sai da gero ya kai gwiwa ta tashi, amma idanun sun riga sun yi fari fat.

Ba kaka nake jin haushi ba, ku gane. Abin da ta gani da idonta ne ta guje wa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da muka yi bayan nan. A gidanmu ba a ambaton kuskuren babba, ko yana raye ko ya rasu. Babanmu ya dawo aka ce masa ƙaddara ce, ya ce Allah ya sa kaffara. Duk wanda aka haifa daga baya ya tashi ya tarar da makauniya a gida, kamar yadda ya tarar da tsamiyar ƙofar gida, bai taɓa tambaya ba. Labarin hannun da ya ruɓe kuwa ya yi ta yawo daga baki zuwa baki har tattaɓa-kunne, saboda laifin na baƙi ne. Namu muka danne shi fiye da shekara hamsin, muna kiran abin ladabi.

'Yata ta ƙarshe ta yi karatun kiwon lafiya a Birnin Kudu. Bana aka tura ta riga-kafi yankinmu, ta dawo ta dire akwatin sanyinta a tsakar gida tana huci. Ɗan ƙanenmu, wanda yake zaune a gidan da aka haife mu, ya hana a taɓa 'ya'yansa biyu, alhali ƙyanda ta riga ta ɓulla a Maruta, kusa da su.

"Jahilci ne kawai, Inna. Wai an taɓa ruɓar da hannun wani kakansa."

"To me kika ce masa?"

"Na yi masa bayani yadda aka koya mana."

Na ce ta faɗa mini abin da aka koya musu. Ta zayyano sunan ƙwayar cutar da Turanci, da watan da ake yin allura, da irin sanyin da magani yake so. Na tambaye ta ko akwai malamin da ya taɓa gaya musu yadda ƙyanda take kwashe yara a ƙasar nan da, ko dalilin da ya sa mutane suke gudun masu allura. Ta ce wannan ba ya cikin darasi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara uku ana koya mata ciwo, ba a koya mata mutanen da za ta tarar ba. An tura ta da takarda ta je ta ja da mutumin da yake riƙe da labarin kakansa. Ina shirin ci gaba da faɗa sai ta ce, "Ke ma ai ba ki taɓa gaya mini komai ba."

Washegari na riƙo hannun ƙanwata muka hau mota zuwa ƙauyenmu, 'yata tana biye da akwatinta. A tsakar gidan nan, gaban matan gida da yara, na faɗi abin da kaka ta yi. Ji nake kamar ina tone kabarinta. Ɗan ƙanenmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ai ƙaddara ce. A bar tsohuwa ta kwanta lafiya."

Ƙanwata ta juya fuskarta inda muryarsa take.

"Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma da hannu aka ɗaga ni aka saka. Kuma Yaya ta tsallake wuri guda. Ina ciki na ji ta ce musu babu yara."

Ban taɓa sanin ta ji ba. Duk shekarun nan ina jan sandarta, tana sane, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Na ce haka ne, ni na faɗa. Ta ce a miƙo mata ƙaramin yaron. Ta ɗora shi a cinya, ta shafa fuskarsa har ta kai kan idanunsa, sannan ta naɗe masa hannun riga da kanta. Uban bai ce a yi ba, bai kuma hana ba. Aka yi wa yaran duka biyu.

Yanzu akwai kwalta, akwai asibiti, magani har gida ake kawo shi kyauta. Amma gida guda muka shawo kansa, shi ma don muna da makauniyar da za mu kai. Maƙwabtansu sun rufe ƙofa a ranar, kuma na san akwai kabarin yara uku a tarihin gidan, ba wanda ya gaya wa matasansu. Ni da ƙanwata mun tsufa, gwiwa ta fara ƙi. In masu makarantun nan ba za su zo su tambaye mu su sa a darasi ba, su sani ba za mu daɗe muna jiransu ba.