Sunanka Ya Ƙi Goguwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, Allah ya karɓi ran abokin aikina, wanda duk asibitinmu ke kira Baba Yatsa-Biyu, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Baba, shekara da shekaru muna zaune ni da kai a ɗakin katin nan da ba shi da ko taga, muna shigar da sunayen marasa lafiya a shafin asibiti na kwamfuta. Da yatsa biyu kake buga kwamfuta kamar kaza na tsintar hatsi, ina yi maka dariya, amma ban taɓa kama ka da kuskure ba. Tsohuwa za ta zo ba ta san shekarunta ba, shafin kuma ba ya ajiye suna sai an cike gurbin. Ni haushi nake ji. Kai kuwa sai ka miƙa mata kujerarka ka ce, "Iya, kina da 'ya'ya nawa lokacin da aka gina wurin nan?" Ku yi ta lissafi har a samu. Ko intanet ya ɗauke, ba ka taɓa korar kowa ba.

Yanzu shugaba ya ce in cire ka daga jerin ma'aikata, don a buɗe wa sabon ma'aikaci wuri. Na gwada, na'ura ta ƙi. Duk majinyacin da ka shigar yana ɗaure da sunanka, ba za ka gogu ba sai an mayar da su duka sunan wani. Da na yi wa shugaba bayani, ko ɗaga kai bai yi ba. "To ka mayar da su naka mana. In ba za ka iya ba, akwai masu so."

Ina da iyali, Baba, kuma ba ni da wurin zuwa. Kullum sai in buɗe shafin, in zuba masa ido, in rufe. Abin yana ci mini rai, amma na san kafin mako ya fita zan danna, aikinka duka ya koma kamar ni na yi. Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwa, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya cika maka ladanka a can inda babu mai ikon mayar da shi sunan wani. Amin.